Sulallan da mai mulki ya sa wa sunansa: in zuba jarina?

Tambaya: Malam, ina saye da sayar da kirifto, wato kuɗin intanet. Wani abokina ya matsa mini in sayi irin sulallan nan da shugabanni ke fitarwa ko suke tallatawa, wai tunda mulki na hannunsu ba za su bari farashi ya faɗi ba. Doka ta yarda su ci riba ta wannan hanya? Kuma in shiga?

Amsa: Ɗan'uwa, a Amurka, inda aka fi tafka wannan muhawara, dokar ta kama ƙananan jami'ai ta bar na sama. A watan Yulin 2022 ofishin da ke kula da ɗa'ar ma'aikatan gwamnatin tarayya ya ce duk ma'aikacin da ke riƙe da kirifto, komai ƙanƙantarsa, ba zai sa hannu a aikin tsara dokar da za ta iya taɓa darajar abin da ya mallaka ba. 'Yan majalisa kuma tun 2012 aka wajabta musu bayyana cinikin hannun jarinsu cikin kwana 45, daga baya aka ce har da kirifto. Amma babbar dokar da ta hana jami'i yanke hukunci a kan abin da yake da riba a ciki ba ta hau kan shugaban ƙasa da mataimakinsa ba.

Ta wannan ƙofar sulallan $TRUMP ya fito ranar 17 ga Janairun 2025, saura kwana uku a rantsar da Donald Trump. Duba rabon da kyau, don a nan maganar take. An ƙirƙiri sulalla biliyan ɗaya, aka saki miliyan 200 ga jama'a, kashi 80 cikin ɗari kuma ya zauna a hannun kamfanoni biyu masu alaƙa da shi, za a riƙa sakinsa a hankali cikin shekara uku. Cikin kwana biyu farashi ya haura dala 70. A watan Afrilu ya sauko ƙasa da dala 10, mai sunan kuwa yana nan daram a kan kujerarsa. Ka ga hujjar abokinka ta rushe ke nan.

Abin da masu saye ba sa lura da shi: waɗanda suka kafa kasuwar sulallan suna karɓar la'ada a kan cinikin da ake yi. Ka saya su samu, ka tsorata ka sayar da asara su sake samu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na Ajantina ya fi saurin kisa. Ranar 14 ga Fabrairun 2025 Shugaba Javier Milei ya yaba wani sulalla mai suna $LIBRA a shafinsa na X. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, waɗanda suka riga kowa shiga suka kwashe, cikin sa'o'i kaɗan ya ruguje. Milei ya goge saƙon, ya ce bai san bayanan aikin dalla-dalla ba. Saƙo dai ya gogu, asarar mutane ba ta gogu ba.

Akwai inda aka ɗan gyara. Koriya ta Kudu ta yi doka a 2023 da ta tilasta wa 'yan majalisa da manyan jami'ai bayyana kirifton da suka mallaka, bayan badaƙalar ɗan majalisa Kim Nam-kuk. A ganina bayyanawa kaɗai ba ta isa ba. Wanda ke rubuta dokar kasuwa bai kamata ya kasa haja a cikinta ba. Amma wannan rigimar 'yan majalisa ce, kai jarinka ne a gabanka.

Ni ba zan sa kuɗin sana'a a irin wannan ba. In kuwa ka nace, kada ka taɓa uwar kuɗi, kuma kada ka ci bashi. Kafin ka danna saye, buɗe shafin da ke nuna masu riƙe da sulallan, ka duba kashi nawa ne ke cikin manyan asusu goma na farko. Sannan ka nemo jadawalin ranakun da za a buɗe wa masu shi kasonsu, domin daga ranar suna da ikon juye maka shi a kasuwa.