Malam, 2047 ta ci gwaji, me ya sa ba firam ba ce?

Tambayarka ke nan: 11 firam ce, ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Ka jera 2 sau 11 ka ninka, ka ɗebe 1, ka sami 2047. Ka yi mata gwajin Fermat da tushe 2, wato ka jera 2 sau 2046 ka ninka, ka raba da 2047, saura 1 ya fito: ta haye. To me ya hana ta shiga sahun firam na Mersenne, wato firam masu siffar 2^p − 1 (a jera 2 sau p a ninka, a ɗebe 1)?

Ɗana, 23 sau 89 nawa ne? 2047. Ma'aunin da ka ɗauko ne bai dace da kayan ba. Duk lambar da ke da siffar 2^p − 1, matuƙar p firam ce, sai ta haye gwajin Fermat da tushe 2, ko tana rabuwa ko ba ta rabuwa. Idan lallai Fermat za ka yi, ɗauki tushe 3. Shi ma in lamba ta haye, zato mai ƙarfi ka samu, hujja tana gaba. Sharaɗin p ta zama firam kuwa ƙofar shiga ce kawai.

Kafin aiki mai nauyi, fara neman mai raba ta. Ba kowace lamba za ka gwada ba: duk firam da ke raba 2^p − 1 siffarta 2kp + 1 ce (k tana iya zama 1, 2, 3 da sauransu), kuma in ka raba ta da 8 saura 1 ko 7 ne. Da p = 11, ta farko a layi 23 ce. Da tuni ka huta.

Hujjar ita ce gwajin Lucas da Lehmer. Fara da 4. Ninka ta da kanta, ɗebe 2, raba da lambarka, riƙe saura. Maimaita sau p − 2. In ka ƙare a sifiri firam ce, in ba haka ba tana rabuwa. Gwada da 127, inda p = 7: 14, 67, 42, 111, 0. Taki biyar cif. Ita 2047, bayan taki tara a 1736 take tsayawa.

Wuri biyu almajirai ke tuntuɓe. Wasu suna ƙirga 4 ɗin farko a matsayin taki, sai su tsaya a 111 su ce 127 ta faɗi. Wasu kuma suna jinkirta ɗaukar saura sai ƙarshe, alhali tsawon lambar yana ninkuwa a kowane taki, kafin taki 40 ta fi ƙarfin kwamfutarsu. Ɗauki saura a kowane taki.

A 1876 Lucas ya tabbatar da hannu cewa 2^127 − 1 firam ce, alƙalumanta 39. Wadda GIMPS, shirin neman firam na Mersenne da kwamfutoci, ya gano a Oktoban 2024, wato 2^136279841 − 1, alƙalumanta 41,024,320 ne. A irin wannan tsawo, kuskuren ɗigo ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta ya isa ya lalata sakamakon duka, shi ya sa ba a sanarwa sai an sake gwajin a wata na'ura da wata manhaja daban.