Yadda za ka gane A, B da C a tambayar boron

Ƙanena na Samaru, tambayarka ita ce: an zuba asid ɗin HCl a ruwan farin gishiri A mai zafi, ƙanƙarar B ta fito, aka gasa B ta zama C, sannan aka ƙona C da magniziyam aka samu boron.

Ka faro daga ƙarshe. Aikin magniziyam a nan ƙwace iskar oksijin ne, don haka C ita ce B2O3:

B2O3 + 3Mg → 2B + 3MgO

Abin da ke zubar da ruwansa a wuta ya bar B2O3 kuwa H3BO3 ne (asid ɗin borik), wato B. A hanya yakan fara zama HBO2, kuma malamai na son tambayar wannan matakin, kada ka tsallake shi. Gishiri A kuma boraks ne, Na2B4O7·10H2O, domin shi ne ke ba da H3BO3 in an zuba masa HCl.

In kuna da damar shiga ɗakin gwaji, ka roƙi malami ya haɗa B da etanol da ɗan asid ɗin H2SO4 ya kunna. Harshen wutar kore ne shar, ka gani da idonka ya fi hadda.

Boron ɗin wannan hanya ta Moissan (masanin kimiyya ɗan Faransa) gari ne ruwan ƙasa, bai da cikakken tsarki. Da HCl ake wanke MgO daga jikinsa.