Renon tsirran da ke cin ƙwari a gida: ina halal ya tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, lokacin da nake karatu a Malesiya na fara sha'awar wasu tsirrai masu kama ƙwari suna narkar da su. Da na dawo Zariya na ci gaba da renonsu a barandar gidana. Ina da iri biyu: mai ganye kamar baki, wanda ke rufewa idan ƙuda ya shiga, da mai tulu, wanda ƙwaro ke zamewa ya faɗa ciki. Wani lokaci nakan kamo musu tururuwa, kuma sau ɗaya na jefa ɗan ƙaramin kwaɗo cikin tulun na ɗauki bidiyo, yarana suna kallo. Kawuna ya ce ajiye su haramun ne gaba ɗaya, domin azabtar da mai rai ne kamar matar nan da ta tsare kyanwa, ya ce in tumɓuke su. Ina kuma son in fara sayar da 'ya'yansu. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, shuka su da renonsu halal ne, sayar da su ma halal ne. Asalin tsirrai halacci ne, abu ne mai tsarki mai amfani. Motsin da suke yi ba na aljanu ba ne, kuma ba shi mayar da su dabbobi. Gawar ƙuda da ire-irensa marasa jini mai gudana ba najasa ba ce, saboda haka idan ruwan tulun ya taɓa rigarka ka yi sallarka.

Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne kalmomi biyu da ka faɗa a tsakiya ka wuce da sauri: "nakan kamo" da "na jefa". Nan ne hukuncin ya juya. Ƙwaron da ya zo da ƙafarsa daban, wanda hannunka ya ɗauko ya miƙa daban.

Ka kuma yi rashin sa'ar zaɓi, domin cikin dukkan ƙananan halittu sai ka ɗauko biyu daga waɗanda aka ambata da suna. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe abubuwa huɗu: tururuwa, ƙudan zuma, alhudahuda da tsuntsun da Larabawa ke kira surad. Kwaɗo kuwa, wani mai magani ya nemi izinin sa shi cikin haɗin maganinsa, Annabi ya hana shi kashe shi. Idan don magani ba a ba da izini ba, yaya don bidiyo? A ƙarshen Risala, Ibn Abi Zaid ya ce babu laifi a kashe tururuwa idan ta cutar kuma aka rasa yadda za a yi da ita, amma barinta ya fi soyuwa, sannan ya ce an karhanta kashe kwaɗi. Kada ka rungumi kalmar karhanci ka ce to ai da sauƙi. Wannan magana ce a kan kisa kawai. Abin da ka yi ya haɗa kisa da tsare mai rai a inda ba zai iya fita ba har ya mutu a hankali, ana kallo ana nishaɗi. Wannan haramun ne a wajen kowa, yana cikin ma'anar hanin da Muslim ya ruwaito na kada a mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Hatta tsaka da aka yi umarni a kashe, wanda ya gama da ita a bugun farko shi ya fi lada, don kada a ja mata wahala.

Babu kaffara a kanka, babu fansa. Ka nemi gafara, ka goge bidiyon, idan ka tura wa mutane ka cire shi a inda za ka iya cirewa.

Ka san tsirranka fiye da ni, don haka ba za ka fake da lalura ba. Waɗannan tsirrai daga hasken rana suke samun abincinsu kamar kowane tsiro. Ƙwaro ƙari ne, saboda asalinsu a ƙasa mai dausayi suke fitowa wadda ba ta da sinadarin naitirojin sosai. Wanda ke waje a baranda zai kama rabonsa da kansa, kuma yakan daɗe bai kama komai ba yana nan lafiya. Idan lallai kana son ka ba shi, ga ƙuda da sauro, waɗanda kashe su halal ne saboda cutarwarsu. Ka kashe nan take sannan ka saka. Mai tulu bai damu da ko mai rai ne ko matacce ba. Mai bakin ne ke son motsi kafin ya manne ya fara narkarwa, kuma masu renonsa sun san dabarar: a ɗan matsa gefen ganyen a hankali bayan ya rufe. Ban da nama, ban da soyayyar fara ta kasuwa, mai da gishiri ruɓar da ganyen suke yi.

Yanzu sai maganar kawunka, Allah ya saka masa da alheri. Zuciyarsa ta ga abin da taka ba ta gani ba game da kwaɗon nan. Amma cewarsa ajiye tsiron kansa haramun ne, a tumɓuke shi, wannan ban yarda da shi ba, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan fahimta ba.

Matar da ta shiga wuta, laifinta aikin hannunta ne: ita ta tsare kyanwar, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Ka duba yadda hadisin ya ƙare: ba ta bar ta ta ci daga ƙwarin ƙasa ba. Wato da ta sake ta, ta je ta kama ƙwari da ƙananan halittu ta cinye, da matar ta tsira. Hadisin da kawu ya kafa hujja da shi, shi da kansa ya nuna cewa halitta ta ci wata halitta bisa ɗabi'ar da Allah ya yi ta a kai ba zunubin mai ita ba ne. Musulmi tun zamanin sahabbai suna ajiye kyanwa, suna sane da abin da take yi wa ɓera, kuma wanda ya taɓa kallon kyanwa da ɓera ya san ba ta gaggawa. Kajin gidan kawu wuni suke suna tsattsagar tururuwa da gara, babu wanda ya ce a yanka su saboda hadisin Ibn Abbas. Alƙur'ani ya halatta farauta da dabbobin da aka horar. Idan mai rai mai farce da haƙori ya halatta a ajiye shi, ta wace hanya ganyen da ba ya barin tukunyarsa zai haramta?

Wani zai ce: to ai shi ya dasa tarkon, wanda ya zama sanadi kamar wanda ya aikata ne. Amsa ita ce sanadi yana ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da shi da kuma abin da ya fi yawan haifarwa. Muna rataya takardar danƙo don ƙuda, muna kwana cikin gidan sauro mai magani, kuma lokaci-lokaci wani ƙwaron da bai yi laifi ba yakan faɗa. Ba a haramta su saboda haka ba. Na san mai tulu a dajinsa na tsibiran Borniyo da Sumatara, a kudu maso gabashin Asiya, tururuwa ce mafi yawan abin da yake kamawa, kuma a barandarka ma za ta zo. Wadda ta zo da kanta ba kai ka kashe ta ba. Malamai irin su Khaɗɗabi ma sun ce hanin yana kan manyan tururuwa masu dogayen ƙafafu da ba su cika cutarwa ba, ba ƙananan da ke addabar gida ba. Sai dai kada ka yi wayo, ka kai tukunyar bakin raminsu, ko ka zuba sukari don ka jawo su. Haka idan ka lura ƙudan zuma na yawan faɗawa, musamman in akwai mai amya kusa da ku, ka canja wa tukunyar wuri. Da zarar nufi ya shigo, aikin ya koma naka.

Wasu kuma sukan ce ruwan da ke narkar da ƙwaron ƙuna ne, kuma babu mai azaba da wuta sai Ubangijin wuta. Wannan kai hadisi ne inda bai je ba. Ruwan narkarwa ne irin na cikin kowane mai ci, babu wuta a ciki.

Duk da haka kada ka je wa kawu da wannan amsa kamar wanda ya ci shari'a. Ka fara da gaya masa ka daina kama masu rai, ka gode masa. Mai yiwuwa sauran maganar ma ba za ta taso ba.

Yaran sun fi damuna. Sun ga babansu yana riƙe da waya kwaɗo yana mutuwa, kuma yaro abin da ya gani yake ɗauka. Ka zaunar da su ka ce musu abin nan kuskure ne. Sannan ka nuna musu abin da ya cancanci kallo: ganyen da ba shi da ido ba shi da ƙwaƙwalwa, amma ba ya rufewa sai an taɓa gashinsa sau biyu cikin kusan daƙiƙa 20, don kada ɗigon ruwan sama ya yaudare shi. Wa ya koya masa ƙirga? Ka kuma hana su tsokanarsa da tsinke, kowane ganye sau kaɗan yake rufewa ya mutu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Ana yawan ajiye tukunyar mai bakin a cikin faranti mai ruwan sama, tunda ruwan burtsatse da na famfo galibi kashe su yake yi. Ruwan da ya kwanta kuwa nan sauro ke hayayyafa. Kaɗan ne tsironka zai kama daga abin da farantin zai ƙyanƙyashe, kuma cutar da iyali da maƙwabta da zazzaɓi ya fi duk abin da muka tattauna nauyi. Ka riƙa zubarwa kana sakewa.

Game da ciniki: ka sayar da abin da ka rena ka gani, ka gaya wa mai saye gaskiya. Mai bakin nan asalinsa wani ɗan yanki ne a Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, yana bukatar hutun sanyi duk shekara, kuma zafin bazara da bushewar hunturunmu suna ba shi wuya. Wanda ya ɓoye wannan ya karɓi kuɗi ya yi algus. Idan za ka yi odar sabon iri daga waje, ka bi ta hukumar killace kayan gona, ka tabbatar wanda aka rena ne ba wanda aka sato daga daji ba. A Karolina ta Arewa tun 2014 tumɓuke shi daga daji babban laifi ne, kuma sayen kayan da ka san na sata ne bai halatta ba ko da daga wata ƙasa aka sato su. Kuɗin da za ka sa a ciki kuma ya zama rarar da ta saura bayan cefane da kuɗin makarantar yara.

Wallahu a'alam.