Kunun kanwa da zuciyar mai jego

'Yata, saƙonki ya iso. Na yi dariya, daga baya kuma gabana ya faɗi. Wai ba ki son wankan jego, kuma kina tambayata ina ruwan zuciya da kunun da ya tafi ciki, tunda an ce miki kanwa na taɓa zuciya. Ku 'yan yanzu, ko gaisuwa ba ku gamawa sai neman hujja.

Da na je goyon ciki gida a Zariya, tun asuba ake hura wuta ƙarƙashin ƙatuwar tukunya. A tsoma ganyen darbejiya cikin tafasasshen ruwa a yi ta fyaɗa miki, safe da yamma, har kwana 40. Kina fitowa a miƙo ƙwaryar kunun kanwa, sannan ki hau gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa. Kakarmu takan ce mai jego ɗanya ce, in ba a gasa ta ba sanyi zai shige ta.

Akwai maƙwabciyarmu da muka haihu kusan tare. Tun ba ta yi arba'in ba ƙafafunta suka kumbura, in kin danna yatsa sai gurbin ya zauna. Kwanciya ta gagare ta, a zaune take kwana jingine da bango, tana haki tana tari. Tsofaffi suka ce sanyi ne, aka ƙara kanwa, aka ƙara wuta. Na shiga na tarar da zanenta sharkaf da gumi, jaririn na tsala kuka a gefenta, ko ɗaga shi ba ta iyawa. Sai da mijinta ya rufe ido ya kai ta asibiti. Aka hana kanwa, aka ba ta maganin sa fitsari, kumburin ya sace, Allah ya yi da sauran kwana.

Irin waɗannan matan ne likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi ta gani a shekarun 1970, har suka yi rubutu a kai. Kanwa gishiri ce. In ta yi yawa, ƙoda ta riƙe ruwa, jini ya ƙaru. Zafi kuma ya buɗe jijiyoyin fata, bugun zuciya ya ƙaru. Zuciyar da ta yi wata tara tana yi wa mutum biyu aiki sai ta gaza, ruwa ya taru a huhu, ya sauka ƙafa. Ai dama iyayenmu sun ce in an taɓa hanci, ido ke ruwa.

Amma fa arba'in ɗin nan ba kanwa kaɗai ba ce. Ba daka, ba ɗiban ruwa, ga ƙauri da yaji, ga uwa a kanki dare da rana. Yanzu ko suna ba a yi ba, sai ki ga mai jego a adaidaita sahu za ta biki.

Kanwar dai kada ki bari a ɗura miki, in kuma kin ga kumburi ko haki, asibiti kai tsaye. Batun wankan, bari in zo mu zauna da uwar mijinki. Ki gaishe shi, ki ce ya fara tanadin ƙafar saniya.