Amsa: Allurar Sin mai lantarki da ciwon hanji

Malam, ka tambaya ko gwajin ɓeraye ya isa hujjar neman wannan allura (acupuncture, wato soka siraran allurai a wasu gurabe na jiki) a nan Legas saboda ciwon hanji na IBS (mai kawo ciwon ciki da gudawa ko taurin bayan gida) da fargaba. Bai isa ba tukuna. A gwajin, akan soka wa ɓera allurar a ƙasan gwiwa, gurbin da ake kira ST36, a saki lantarki kaɗan na minti 20 zuwa 30 kullum. Sannan a hura balan-balan cikin hanjin ɓeran a ga ko zafin ya ragu, a sake shi a fili a ga ko ya daina laɓewa a lungu, wanda alamar fargaba ce. Sau da yawa ana ganin sauƙi. Amma ɗaure ɓeran da ake yi don soka allurar shi kansa tashin hankali ne da ke rikita sakamako, kuma ciwon da gangan aka jawo masa.

In kana ganin jini a bayan gida ko kana ramewa, fara zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba a duba ka.