Kun shaƙi ƙamshi ne Hajiya, ba sha kuka yi ba

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya, tace sun je hutu Faransa ita da maigida da yara a farkon watan Yuli, aka kai su Valensole a yankin Provence inda ake noman furen nan da turawa ke kira lavender, da ta dawo masauki ta tura ma 'yan uwa hotuna ta rubuta "yau mun sha ƙamshi a lambun fulawa", sai ƙanwarta ta dinga yi mata dariya. Tana so ta san ina kuskuren yake, sannan ko furen yana da suna da Hausa, sannan wai zuma ta harbi autanta a wuya baban yaran yace ai ba a shan zuma sai an sha harbi, ita dai abin bai mata daɗi ba.

Toh Hajiya, sannu da dawowa, Allah ya ƙara ma auta lafiya. Ƙanwarki tana da gaskiya. Shan ƙamshi a Hausa ba ruwansa da turare, in akace wance tana shan ƙamshi ana nufin ta ɗaure fuska tana jan aji, a gaishe ta ta amsa da ƙyar kamar an mata dole. Kinga abin da kika rubuta kenan, wai kun biya kuɗin jirgi kun tafi har ƙasar mutane kun tsaya a tsakiyar gona kuna hura hanci. Ni a ganina daga hoton fuskar ma maganar ta samo asali, ki lura da mai sunsunar turare, zai ɗaga hanci sama ya lumshe ido baya kallon kowa, haka mai girman kai yake yi. Abin da ya kamata ki rubuta shine mun shaƙi ƙamshi. Amma da kin ce mun sha kallo ko mun sha iska ko mun sha rana, duk daidai ne, rana kam na san kun sha dan babu inuwa a irin gonakin nan.

Sunan furen kuma, anan ne naji daɗin tambayar, dan muna da kalmar tun da daɗewa sai dai ta fara ɓacewa a bakin yara: lafinta. Ki tambayi duk wata tsohuwa zata gaya miki lafinta turaren ruwa ne na kwalba. Kalmar lavender ce Bahaushe ya lanƙwasa ta daidai bakinsa. Bamu da harafin v, wani lokaci ya koma b kamar a direba da bidiyo, wani lokaci w kamar a Nuwamba, anan kuma ya koma f, sannan -er ta ƙarshe ta zama -a irin na kafinta da lebura da fasinja. Kwalbar muka fara sani kafin mu san shukar, shi yasa ma'anar ta tsaya akan turare har ta faɗaɗa ta koma kowane irin turaren ruwa ko da babu ɗigon wannan furen a ciki. Saboda haka ki ce furen lafinta kanki tsaye, ba sai mun ƙirƙiro sabon suna ba. Larabawa khuzama suke ce masa.

Sai lambu. Nan ma da ɗan gyara, lambu wurin ban ruwa ne, yawanci ƙarami kuma a killace. Ita lafinta bata son ruwa da yawa, ƙasa mai tsakuwa take so da rana mai ƙarfi, in ruwa ya kwanta mata saiwar ruɓewa take. Kuma abin da kika turo min kunyoyi ne dogaye a jere har inda ido ya tsaya, wannan gona ce. Daga ƙarshen Yuni take fure, zuwa tsakiyar Yuli an fara yanka da inji, a kai inda za a tura mata tururi a tace man, da kun makara da sati biyu da sai ku tarar da kututture. Yawancin ta Valensole ma ba asalin lafintar bace, wani haɗin iri ne da suke kira lavandin mai yawan mai, asalin tafi yawa a wurare masu tudu kamar wajen Sault. Fulawa kuma ban hana ba, amma tunda kalmar ɗaya ce da garin da ake biredi da shi, ni fure nafi so.

Baki tambayi launi ba amma yara zasu tambaye ki. Ba shuɗi bane, shunayya ne mai haske, kuma tunda muna cewa ruwan toka, ruwan goro, ruwan hoda, banga abin da zai hana a ce ruwan lafinta ba.

Karin maganar maigida kuwa daidai ya kawo ta a lafazi, kuma dubi yadda sha ta fito sau biyu, ta farko shan baki ce ta biyun irin ta shan wuya da shan duka. Harbi ma daidai ne, zuma da kunama harbi suke, maciji sara, sauro cizo. Ma'anarta duk mai neman abu mai daɗi ya shirya ma wahalarsa, ana faɗa ma wanda ya shiga nema da ƙafarsa, ɗalibi ko ɗan kasuwa ko mai neman aure. Matsalar ita ce shi auta ba zuma yaje ɗiba ba, tsayar da shi akayi a cikin fure ayi masa hoto, su kuma ƙudan suna bakin aikinsu dan masu kiwon zuma har amya suke jerawa a gefen gonakin lokacin furen. Yaro yana kuka wuya ya kumbura, abin da ake cewa sannu ne, a kankare ƙarin da farce ko gefen kati kar a matse shi, a ɗora abu mai sanyi. Ki gaya ma Alhaji nace karin maganar sai ta zauna in ya sayo masa kwalbar zumar lafintar, in bai sayo ba auta na binsa bashi.