Tsinkar Inabi da Naman da Aka Dafa da Giya a Faransa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan Damagaram, ina karatu a Dijon, ƙasar Faransa. A watan Satumba na yi kwana 10 ina tsinkar inabi a wata gona kusa da Beaune don in haɗa kuɗin haya. Ranar walimar gama girbi mai gonar ya miƙo mini giya, ya ce in juya ta a baki in tofar yadda masu ɗanɗano suke yi, na ƙi karɓa. Amma matarsa ta dafa naman sa da jar giya, na ci, domin wani abokina ya ce wuta tana ƙone giyar. Mene ne hukuncina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ƙin da ka yi daidai ne. Umarnin nisantar giya aka yi mana, wanda kuwa ya guntse ta bai nisance ta ba, ko da ya tofar.

Sunan garin da ka ambata shi ya yanke hukuncin aikin. Inabin gonakin Beaune, Pinot noir da Chardonnay, ba na ci ba ne. Daga kwandonka wurin matsa ya nufa, kuma kana gani da idonka. Ka san hadisin mutum goma da aka tsine wa saboda giya, har da mai matse ta da mai ɗaukar ta. Da a Moissac ka yi aikin, garin da ake noman inabin ci mai suna Chasselas, da na ce Allah ya yi albarka. Ka tuba. Abin da ka biya haya da shi ya wuce, in da saura ka bayar ga mabukata. Baɗi ka nemi tsinkar tuffa tun da wuri, kafin haya ta matse ka.

Sai maganar abokinka, wadda na sha ji, har daga bakin masu ɗan karatu. Suna kiranta istihala, wato rikiɗewar abu zuwa wani abu daban, suna kafa hujja da giyar da ta zama khal, wato binigar. Gaskiya ne a mazhabarmu ta Malikiyya giyar da ta zama khal ta tsarkaka, shi ya sa ba na hana binigar. To amma can giyar ce kanta ta tashi daga giya: sunanta ya canza, ɗanɗanonta ya canza, ba ta bugarwa. A tukunyar matar nan me ya rikiɗe? Giya ce tsagwaronta aka tuttula kan nama da albasa da karas, don a ji ɗanɗanonta. Halil, malamin Malikiyya, ya faɗa a littafinsa Muhtasar cewa naman da aka dafa da najasa ba ya tsarkaka. Ko a wurin malaman da ba su ɗauki giya najasa ba, zuba ta a abinci da gangan amfani ne da abin da aka ce a zubar. Sahabi Abu Ɗalha, giyar marayu ce a hannunsa, dukiyarsu, Annabi (SAW) ya ce ya zubar.

Batun ƙonewar ma ba haka yake ba. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan tafasar awa 1 kusan kashi 25 cikin 100 na sinadarin bugarwar yana nan, bayan awa 2 da rabi akwai saura kamar kashi 5.

Kai ka ci ne bisa fatawar wanda bai sani ba, ina fatan Allah ya yafe maka, amma kada ka sake karɓar addini a bakin tukunya. Abin da ya fi damuna shi ne zamanka a teburin da kwalabe ke zagayawa, an hana wannan. Kada kuma ka wulaƙanta matar, karamci ta nufa. In sun sake gayyatar ka, ka gaya mata tun kafin ta ɗora tukunya, ko ka sayo nama a mahautar halal ta Dijon ka dafa musu da romo da tumatir. Ka riƙa duba jikin kwalbar mustad ɗinsu ma, wato yajin da suke haɗawa da nama, wani da farar giya ake haɗa shi.

Wallahu a'alam.